Wanda Ba a Yanke wa Hukunci Ba, Amana Ne

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin mutanenmu, tun daga Birnin Kebbi har Argungu. Da an ce an tsare wane, sai ka ji ana cewa, “Ai gidan yari ba masauki ba ne. In bai yi kome ba, me ya kai shi?” Ni dai na ce wannan magana ɓata ce, kuma da ita ake fakewa ana cin zalin bayin Allah. Mutumin da hukuma ta kulle tun alƙali bai yanke masa hukunci ba, amana ne a hannunta. Abu ɗaya tak aka karɓe masa, watau ikon fita. Cinsa da shansa, lafiyarsa da mutuncinsa, duk suna nan haƙƙinsa.

Bari mu duba abin da doka ta ce, kada a zaci son zuciya ne. Tsarin Mulki na 1999, sashe na 36, ya ɗauki kowa marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa. Sashe na 35 ya ce a kai wanda aka kama gaban alƙali cikin kwana 1, muddin akwai kotu a tsakanin kilomita 40. Sashe na 34 ya hana azaba da wulaƙanci. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma a 2015 ta sabunta ƙa'idodin tsare mutane, ta sa musu sunan Mandela. A ciki an ce a raba masu jiran shari'a da waɗanda aka ɗaure, a bar su da tufafinsu in sun so, a ba su ruwan sha da iska da likita, kowa ya sami aƙalla awa 1 a fili kullum, kada kuma a kulle mutum shi kaɗai fiye da kwana 15.

To, kai mai karatu, ka san zafin bazara a ƙasar Kabi, sa'ad da ko a gindin bishiya mutum ba ya samun sakewa. Ka san sauron fadamar Rima da damina, ka san yadda sanƙarau ke son cunkoso. Yanzu auna ɗakin da aka cusa wa mutane fiye da ƙima a irin wannan yanayi. Ashe ba hukunci aka zartar ba tun kafin a yi shari'a? Ga shi kuwa kimanin kashi 2 cikin 3 na mutanen da ke gidajen yarin Nijeriya jiran shari'a suke yi. A 2024 an ƙara kuɗin abincin ɗan kurkuku daga naira 750 zuwa naira 1,125 a yini. Duk mai zuwa cefane ya san iyakar abin da wannan zai saya.

Wani zai ce, “Kana ta tausayin waɗanda ake zargi, alhali 'yan bindiga sun hana mu barci.” Lalle tsoron jama'a gaskiya ne, mai laifi kuma a hukunta shi. Amma zargi dabam, laifi dabam. Shari'armu ma ta Musulunci kan mai ƙara ta ɗora nauyin kawo hujja. Mun kuma riga mun ga inda tsarewa don gudun abin da ka je ka zo take kai ƙasa. A Gana, dokar tsare mutane ta 1958 ita ta kai Dakta Danquah kurkukun Nsawam, can ya mutu a 1965 ba a yi masa shari'a ba. A nan gida, Doka ta 2 ta 1984 ta ba soja ikon kulle mutum ba tuhuma, ba a soke ta ba sai 1999. Ko sarauta ba ta tsare kowa. A 2005 aka tuɓe Sarkin Gwandu Mustafa Jokolo, aka kai shi Jihar Nasarawa aka ajiye, sai a 2013 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce wannan kora ta saɓa wa haƙƙinsa. Shi yana da lauyoyi. Manomin shinkafa fa, ko masuncin da aka kwaso a cikin rigima, wa zai tsaya masa? In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka ba sabuwar doka muke roƙo ba, cika ta da muke nema. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta ɗora wa majistare zagaya ɗakunan tsare mutane kowane wata. To, ya je, ya ƙirga kawuna, ya tambayi kowa ranar da aka kawo shi. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ce in gida ya cika a sanar da Babban Jojin jiha, ta kuma ba shugaban gidan ikon ƙin karɓar ƙari. To, ya yi aiki da ikonsa. Tun gyaran Tsarin Mulki na 2023 jihohi ma sun sami hannu a sha'anin gidajen yari, don haka Gwamnatin Kebbi ba ta da sauran hanzarin cewa aikin Abuja ne. Malamai su faɗa a kan mumbari, 'yan majalisa su leƙa da idonsu.

Ƙofar da aka rufe wani yau, ba wanda ya san wanda za a rufe gobe. Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana, amin.