Filin Ilimi: Fatoman Da Ke Cikin Wayarka

A kasuwar Arzeke ta Paraku, ɗan kasuwa yana cikin WhatsApp sai a turo masa kuɗi, ya koma MoMo, ya dawo. To, me ya hana manhajar hira leƙa asirin manhajar kuɗi, alhali ma'aji ɗaya suke ciki, wato RAM?

Mu tuna zamanin fataucin goro, lokacin da ayarin Kano ke ya da zango a Jugu kan hanyar Gwanja. Kowane baƙo yana ƙirga kayansa daga ɗaya, amma fatoma ne ya san kusurwar da kowane ƙunshi yake. Fatoman waya shi ne kanel, zuciyar tsarin da ke tafiyar da ita. Na Android shi ne Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a Finland a 1991.

Kanel yakan yanka ma'aji shafi-shafi, galibi kowanne bayit 4,096. Kowace manhaja tana da nata ƙirgen, da kundin da ke fassara shi zuwa wurin gaskiya. Dabarar ta faro ne daga na'urar Atlas ta Jami'ar Manchesta a Ingila, a 1962.

Idan lokacin wata manhaja ya cika, kanel yakan adana inda ta tsaya, ya nuna wa ƙwaƙwalwar waya kundin mai bi mata. Ba a kwashe kaya, kundi kawai ake sauyawa. Sai dai ƙwaƙwalwar tana riƙe fassarorin baya-bayan nan a wani ɗan allo mai suna TLB. In aka bar su haka, sabon baƙo zai faɗa kan kayan wani. Saboda haka ko dai a wanke allon, aiki ya ɗan yi nauyi, ko a sa wa kowane layi lambar mai shi, yadda ƙwaƙwalwar ARM ta wayoyinmu ke yi.

In ma'aji ya cika, Android yakan sallami manhajar da aka daɗe ba a taɓa ba. Shi ya sa ƙaramar waya ke sake buɗe abu daga farko. Ba lalacewa ta yi ba.

Katanga kuma takan tsage. A 2018 an bayyana wa duniya ɓarakar Meltdown, wadda ke ba manhaja damar leƙa ma'ajin kanel, aka toshe ta da sabunta tsari. Don haka kada mu riƙa ƙin sabuntawa don tsimin data. Kuma mu sani, fatoma ba ya iya tsare lambar sirrin da mai ita ya faɗa wa baƙo da bakinsa.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.