Badaƙalar Volkswagen: me ya sa motar gazuwal mai araha ke iya zama tarko a Damagaram?

A watan Satumba na 2015 ne hukumar kare muhalli ta Amurka ta bankaɗo cewa Volkswagen ya saka manhaja a motocinsa masu amfani da gazuwal, wadda ke rage hayaƙi lokacin gwaji kawai. A kan hanya kuwa, gubar da suke fitarwa kan ninka ƙa'ida har sau 40. Motoci miliyan 11 abin ya shafa, kamfanin kuma ya yi asarar sama da yuro biliyan 30.

Turawa sun juya wa gazuwal baya. A 2015 fiye da rabin sabbin motocin da aka sayar a Tarayyar Turai na gazuwal ne. A 2023 ba su kai kashi 15 cikin ɗari ba. Hamburg ta fara hana tsofaffinsu bin wasu tituna a 2018. Motar da ta rasa mai saye a can, jirgin ruwa take hawa zuwa Kwatano ko Lome.

Sai dai a Damagaram ba maganar hayaƙi ce ke yanka farashi ba. Mai saye tambaya biyu yake yi: akwai kayan gyara? Bakanike ya san injin? Shi ya sa tsohuwar Hilux da Land Cruiser ke riƙe darajarsu a hanyar Tanut da Agadas, yayin da ƙaramar motar gazuwal ta zamani, duk sauƙin kuɗinta, kan zame wa mai ita ciwon kai. Ƙura da gurɓataccen mai na lalata allurorin injinta, matatar hayaƙinta kuma na toshewa. Mafita mafi sauƙi a gareji ita ce a cire matatar a yar. Daga nan, abin da Volkswagen ya yi a ɓoye sai ya zama ƙarami, kuma masu kabu-kabu da ƴan tireda na bakin titi ne ke shaƙa.

Ga kuma lissafin aljihu. Ko da yake matatar SORAZ na nan kusa tun 2011, ragin Yulin 2024 ya bar litar gazuwal a sefa 618, esansi kuwa 499.

A 2020 CEDEAO ta amince da ƙa'idar Euro 4 ga motocin da ake shigowa da su. Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, don haka hukumomin ƙasar ne yanzu za su faɗi irin motar da za ta tsallako iyaka.