Faɗin Taswira Ba Shi Ne Ƴanci Ba

Masu ƙera wasannin bidiyo na shiga rigar jarumi, waɗanda aka fi sani da RPG, sun daɗe suna jayayya a kan tsari biyu. Na farko yana jan ɗan wasa bisa hanya guda, daga farkon labari har ƙarshensa. Na biyu yana sakin sa cikin faffaɗar duniya, ya nufi inda ya ga dama. Yau kasuwa ta karkata ga na biyu, har girman taswira ya zama ma'aunin ƴanci. Wannan awo bai dace ba, kuma ilimin sauti yana iya nuna dalili.

Ɗalibin harshe ya san sauyi iri biyu ne. Idan aka musanya k da ƙ, "kafa" ta koma "ƙafa", ma'ana ta sauya. Amma idan Bakano ya ce "fita", mutumin Tawa ya ce "hita", saƙon yana nan yadda yake. Zaɓin da wasa ke bai wa ɗan wasa ma haka yake: wani yana sauya labari, wani kuwa furuci kawai yake sauyawa.

An soki Final Fantasy XIII, wanda ya fito a Japan a 2009, domin sai a babi na 11 cikin 13 yake buɗe fili. Sukar tana da hujja. To amma Skyrim na 2011, wanda ake yabo da sakin mara, yana da tasa matsalar. Labari ya ce dodo Alduin na shirin halaka duniya, amma ɗan wasa zai iya share watanni yana farauta ko ƙira, dodon yana jira. Barazanar da ke jiran mutum ya gama harkokinsa ta rasa nauyinta, kuma yawancin zaɓin nan na "fita" da "hita" ne.

Fallout na 1997 ya bi wata hanya. Ya buɗe taswira, sannan ya ba ɗan wasa kwana 150 ya samo na'urar tace ruwa kafin mutanensa su halaka. Kowace ratse tana cin kwanaki. A The Witcher 3, wanda aka yi a Polan a 2015, Geralt yana gamuwa da wani ruhi da aka ɗaure cikin itace. In ya sake shi, marayu za su tsira, amma ƙauye zai salwanta. In ya kashe shi, ƙauyen ya tsira, yaran su tafi. Sakamakon ba ya bayyana sai an yi nisa.

Masu son tsarin buɗe za su ce yawo kansa nishaɗi ne, kuma gaskiya suka faɗa. Sai dai wasan da ke neman awa 100 daga rayuwar mutum ya kamata ya riƙa tuna abin da mutumin ya aikata. Mai nazari ya fara da tambayar ko zaɓi yana haifar da bambancin ma'ana, kafin ya auna kilomita nawa taswira ta ƙunsa.