Gyaran keke: sufana mai awo

A Icirnawa keke ba abin ado ba ne. Shi ke kai buhun gujiya da damin rake kasuwar Matamai, shi ke kai maras lafiya likita. In ƙafar baya ta kwance cikin rairayi da kaya bisa, ranar nan an yi asarar kasuwa, wani lokaci har da ciwo.

Yawancin wannan ɓarna daga ɗaurin noti take. Wani ya ɗaura sako-sako, noti ya kwance a hanya. Wani kuma ya sa ƙafa ya taka sufana, wadda wasu ke ce ma lakile, har haƙoran noti su cinye. Noti da haƙoransa suka cinye ba ya sake riƙewa, sai an sayi sabo.

Don haka aka ƙera sufana mai awo. Tana nuna ƙarfin da aka sa wajen ɗauri. Ana rubuta awon da harufa biyu, Nm. In aka rataya kilo 1 a ƙarshen sanda mai tsawon mita 1, ƙarfin murɗin nan kusan Nm 10 ne. Notin ƙafar baya da feda suna son wajen Nm 30 zuwa 40. Ƙananan kusoshi na kan keken zamani kuwa, Nm 5 ko 6 ya ishe su, kuma sau da yawa lambar tana rubuce kusa da kusar.

Iri biyu aka fi samu. Akwai mai allura, wadda allurar ke tafiya bisa lambobi ana ɗauri ana kallo. Akwai mai ƙara: a saita lamba, in ɗauri ya kai sai ta yi ƙas, a dakata. Mai ƙara ta fi daɗin aiki, amma tana da waya naɗaɗɗiya a ciki. In an gama aiki dole a mai da ita ƙaramar lamba, in ba haka ba awonta ya lalace, ta riƙa yin ƙarya ba a sani ba. A ƙauye mai ƙura, nesa da mai gyaranta, mai allura ta fi. Ta fi araha, kuma in allurar ta kauce daga sifiri, ido yana gani.

Kafin a biya kuɗi a duba lambobinta. Wadda ta tsaya a Nm 14 ba ta ɗaure ƙafa. Ta manyan motoci kuma ba ta jin ƙaramar kusa. A nemi wadda ta kai Nm 60, a haɗa da baki mai lamba 15, don shi ke kama notin ƙafa. Kada a kwance tsohon noti mai tsatsa da ita, wannan aikin sufana ce ta yau da kullum.

To, ko kowane mai keke ya saya? A'a. Mai gyara na bakin kasuwa, wanda kekunan gwanjo na alminiyom ke zo ma, shi ya kamata ya aje ta, ko kuma ƴan ƙungiya su haɗa kuɗi su sayi guda. Mai keken ƙarfe irin Phoenix, sufana mai lamba 15 ta ishe shi. In tsawonta santimita 20 ne, ya danna ƙarshenta da nauyin kilo 15, wato kamar tiya 6 ta hatsi, Nm 30 ke nan. Ya tuna kuma feda ta hagu ta hagu ake ɗaure ta.