Kasuwa Ɗaya Mudu Huɗu: Wa Ye Zakaran Damben Duniya Na Gaskiya?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka taimaka ka ba ni ɗan fili in faɗi albarkacin bakina a kan wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wato maganar kambun duniya a damben Turawa da ake ce wa boksin.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, ranar kasuwarmu da ta wuce wasu samari biyu suka yi gardama a bakin rumfata har suka kusa ba hammata iska. Ɗaya ya ce gwaninsa ne zakaran duniya, ɗayan ya rantse ya ce nasa ne, kowanne ya zaro waya yana nuna hoton mutum da ƙatuwar ɗamara a kafaɗa, har suka sa kuɗi. Da na saurare su da kyau sai na ga kowannensu gaskiya yake faɗa, kuma kowannensu an yi masa wayo. 'Yan damben biyu ajinsu ɗaya, kuma duka biyun ana kiransu zakaran duniya.

To jama'a, ga yadda abin yake. Ƙungiyoyi huɗu ne manya da suke ba da kambu a boksin. Akwai WBA, wadda ta samo asali a Amurka tun 1921 amma ta ɗauki wannan suna a 1962. Akwai WBC da aka kafa a Meziko a 1963, sai IBF a Amurka a 1983, sai 'yar autarsu WBO a Puerto Rico a 1988. Ajin nauyi da aka saba da su guda 17 ne, daga 'yan ƙanana har zuwa ƙarti. Idan kowace ƙungiya ta naɗa nata zakara a kowane aji, ka ga za a iya samun mutum 68 a rana ɗaya kowa yana cewa shi ne sarkin duniya. Ita WBA ma abin bai ishe ta ba, an sha ganin ta ba mutum biyu kambu a aji ɗaya, ta ce wannan babban zakara ne, wancan kuma zakara kawai.

Ni mai sayar da hatsi ne, saboda haka da mudu zan kwatanta. A ce ka shiga kasuwa ka tarar da mudu iri huɗu, kowanne da dillalinsa, kowane dillali yana rantsuwa nasa ne mudun gaskiya, kuma duk wanda ya auna da mudunsa sai ya biya shi la'ada. Wa zai ci riba? Ba manomi ba ne, ba kuma mai saye ba. Haka abin yake a can. Duk ɗan damben da zai yi wasan kambu, ana yankar kimanin kashi 3 cikin 100 na kuɗinsa a ba ƙungiyar da ta mallaki kambun. Ka ga yawan kambu yawan la'ada. Wanda ake fasa wa baki daban, wanda yake zaune a ofis yana lissafi daban. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada wani ya ce zargi nake yi. A shekarar 2000 wata kotu a Amurka ta sami Robert Lee, mutumin da ya kafa IBF, da laifin karkatar da kuɗi da ƙin biyan haraji, a shari'ar da ta taso daga zargin karɓar na goro don a ɗaga 'yan dambe a jerin gwanaye, kuma ya yi zaman gidan yari. Ita kuwa WBO, wani ɗan dambe mai suna Darrin Morris ya rasu a watan Oktoba na 2000, amma ta ci gaba da ɗaga sunansa sama a jerinta har cikin 2001. Mutum yana kabari ana ƙara masa matsayi! Wannan shi ne mudun da ake so mu yarda da shi ido rufe.

Hanya ɗaya ce tak ake gane gaskiya, ita ce damben haɗa kambu. Wato mai riƙe da kambun wannan ƙungiya ya shiga fage da mai riƙe da na waccan, kowa ya ajiye nasa a ƙasa, wanda ya yi nasara ya kwashe duka. Irin wannan wasa ba ya samuwa da sauƙi, domin kowace ƙungiya tana da nata ɗan layi da take tilasta wa zakaranta ya kara da shi, in ya ƙi ta ƙwace kambunta. Ga kuma iyayen gidan 'yan wasa da gidajen talabijin, kowa yana tsoron kada kazarsa mai ƙwai ta sha kashi. Sai a yi ta cika baki shekara da shekaru ba a gamu ba.

Misalin da ya fi burge ni ya faru ne a birnin Tokyo na ƙasar Japan ranar 26 ga Disamba, 2023, a ajin da ba a wuce kilo 55 da ɗan ɗoriya. Naoya Inoue ɗan Japan, wanda suke yi wa laƙabi da Dodo, ya zo da kambun WBC da WBO. Marlon Tapales, bahago ɗan ƙasar Filifin, ya zo da na WBA da IBF. Babu wanda ya tsinci nasa a hanya. Tapales ya ƙwato nasa ne a hannun Murodjon Akhmadaliev ɗan Uzbekistan a watan Afrilu na wannan shekara, lokacin da kusan kowa ya ɗauka shi za a doke. Shi kuma Inoue ya karɓi nasa a watan Yuli daga Stephen Fulton na Amurka, wanda ba a taɓa cin sa ba kafin ranar, ya gama da shi a turmi na 8.

Da aka gamu, Inoue ya kai Tapales ƙasa a turmi na 4. Jama'a suka ɗauka an gama, amma bawan Allah ya miƙe ya ci gaba, ya daure, har shi ma yana mayar da martani, sai a turmi na 10 hannun dama ya same shi ya durƙusa, lafiri ya ƙirga goma bai iya tashi ba. A daren nan babu gardama, babu wai-wai. Duk wanda ya tambayi wa ye zakaran duniya a wannan aji, suna ɗaya za a ba shi. Kuma ni a ganina Tapales bai ji kunya ba. Da ya so, da ya rungume kambunsa biyu ya yi ta zaɓen masu laushi yana tara kuɗi. Sai ya ɗauki kayansa ya kai su har gidan Dodo. Wanda ya faɗi a irin wannan fage ya fi wanda ya tsufa da kambu yana ɓuya.

Ba wannan ne karon farko da Inoue ya yi haka ba. A ajin da ke ƙasa da wannan, na kilo 53 da rabi, ya bi kambunan ɗaya bayan ɗaya. Ya doke Emmanuel Rodriguez a watan Mayu na 2019. A watan Nuwamba na wannan shekara ya gamu da tsohon hannu Nonito Donaire na Filifin, wanda ya fasa masa ƙashin kwarmin ido tun a turmi na 2, amma da wannan rauni ya kai turmi 12 alƙalai suka ba shi nasara. Suka sake gamuwa a watan Yuni na 2022 ya gama da shi a turmi na 2. Sannan ranar 13 ga Disamba, 2022 ya tsayar da Paul Butler na Ingila a turmi na 11, ya haɗa huɗun. Rabon da a sami zakara ɗaya tilo a wannan aji tun 1972, zamanin Enrique Pinder na ƙasar Panama. Shekara 50 ke nan cif ana auna hatsi da mudu barkatai.

Na san wasu za su ce, haba malam, waɗannan ai 'yan firit ne, dambe sai ƙarti irin su Muhammad Ali da Tyson. Nan ma ina da ja. Gaskiya ne wasunsu ba su kai nauyin buhun taki ba, domin akwai ajin kilo 49. Amma a wannan ajin ne aka yi ɗaya daga cikin wasannin haɗa kambu da ba a mantawa da su, ranar 13 ga Maris, 1993 a Las Vegas, tsakanin Michael Carbajal na Amurka mai kambun IBF da Humberto Gonzalez na Meziko mai na WBC. Sau biyu ana kai Carbajal ƙasa, a turmi na 2 da na 5, ya tashi ya kwantar da Gonzalez a turmi na 7. Carbajal shi ne na farko a ajinsu da aka biya dala miliyan ɗaya. Ƙasa da wata guda bayan wannan wasa aka haifi Inoue. A watan Mayu na 2024 kuwa, ya cika babban filin Tokyo Dome da 'yan kallo sama da 40,000 a karawarsa da Luis Nery na Meziko, filin da rabonsa da boksin tun 1990 da Buster Douglas ya kunyata Tyson. A ranar ma an kai Inoue ƙasa a turmin farko, karo na farko a tarihinsa, ya tashi ya gama aikin a turmi na 6. Ashe dai ba a girma take ba, barkono ƙarami ne amma ya fi kabewa yaji.

Mu 'yan Nijeriya ma bai kamata mu raina masu ƙaramin jiki ba. Ɗan ƙasarmu na farko da ya ci kambun duniya, Hogan Bassey mutumin Kalaba, a ajin kilo 57 ya ci shi, lokacin da ya doke Cherif Hamia a birnin Faris a 1957. A zamaninsa aji takwas ne, kuma in an ce zakaran duniya kowa ya san mutum ɗaya ake nufi. Shi ya sa har yau sunansa yake da nauyi.

Amma Malam Edita, ga inda gizo ke saƙa. Haɗa kambu ba ya kashe cutar, yana dai kwantar da ita na ɗan lokaci. A watan Janairu na 2023 Inoue ya ajiye kambunan kilo 53 da rabi domin ya hau aji na gaba. Kafin ƙarshen watan Agusta an raba su ga mutum huɗu: ƙanensa Takuma Inoue ya ɗauki na WBA, Jason Moloney na Ostireliya ya ɗauki na WBO, Alexandro Santiago na Meziko na WBC, shi kuma Rodriguez ɗin nan da Inoue ya doke a turmi na 2 ya koma kan na IBF. Abin da mutum ya kwashe shekaru yana tarawa da jininsa, cikin wata takwas ya watse, dillalai suka koma rumfunansu kowa da mudunsa. Ba laifin 'yan wasan ba ne, tsarin ne aka gina shi a haka.

In za a yi adalci, masu kare yawan kambu suna da 'yar hujjarsu. Suna cewa da kambu ɗaya ne, da 'yan dambe da yawa daga ƙasashe marasa ƙarfi sun tsufa a layi ba su sami damar cin kuɗi mai kauri ba. Na yarda da wannan, domin ɗan dambe shekarun cinsa kaɗan ne, kuma da lafiyarsa yake biya. To amma a kira abu da sunansa. A ce zakaran WBA, ko zakaran IBF. Kalmar zakaran duniya a bar wa wanda ya bi sauran ya doke su. Dagaci ma sarauta ce, amma ba a buga masa tambarin sarki.

Saboda haka ina kira ga 'yan jarida da masu labarin wasanni a rediyo, in za ku ce wane ya ci kambun duniya, ku gaya mana na wace ƙungiya ne, a wane aji, kuma su wa ke riƙe da sauran ukun. Mu mutanen karkara abin da kuka faɗa shi muke ɗauka. Ku kuma samarinmu masu zuwa gidan kallo, kafin ku ɗaga jijiyar wuya ku tambayi abu biyu: wa ya doka, kuma wa ya guje wa? Sannan ku ji tsoron Allah ku bar sa kuɗi a kan wasa, caca ce, ba ta da albarka. Kuɗin da ka sha rana ka samu a gona ko a tireda bai kamata ya tafi a kan ɗamarar da mai ita bai san da zamanka ba.

Kira na ƙarshe ga masu shirya damben gargajiya namu, yanzu da wasu suka fara raba 'yan wasa aji-aji bisa nauyi suna ba da kambu. Raba aji abu ne mai kyau, yana kare ƙaramin yaro daga hannun ƙato. Amma ku dubi abin da ya sami boksin ku yi hattara. Tun asali a fagenmu ba takarda ke naɗa gwani ba, kisa ne a gaban jama'a, makaɗa suna gani, Kudu da Arewa da Guramada duk suna shaida. Kada a wayi gari kowane mai kuɗi ya ɗinka tasa ɗamara ya naɗa nasa sarki. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah ya ƙara wa wannan jarida ɗaukaka, ya ba mu damina mai albarka da ciniki na halal, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.

Wassalam.

Naku mai karatu a kullum,
Wani manomi mai sayar da hatsi,
Jihar Jigawa.