Hitar Hajiya da rubutun ƙasan rasit

A ƙasan kusan kowane rasit na shagunan kayan wuta akwai wani ɗan layi da ƙananan baƙaƙe, yawanci da Turanci, mai cewa kayan da aka saya lafiya lau ba a mayar da su. Ga fanka ko dutsen guga, layin bai cika cutar da kowa ba, domin yaron shago zai jona maka, ka ga ta juya ko ka ji ya ɗau zafi, kafin ka ƙirga kuɗi. Hitar ruwan wanka, irin mai tanki da ake kafewa a bangon banɗaki, ita ce ba ta gwaduwa a shago. Ba a kunna ta sai tana cike da ruwa, ruwan kuma ba ya shiga sai an kafe ta an ɗaura bututu. Duk wanda ya saye ta, cinikin biri a sama ya yi.

Wani hunturu a shekarun baya na sayo wa mahaifiyata guda, mai cin lita 30. Wanda ya san asubahin Kano a watan Janairu, lokacin da sanyi kan sauka ƙasa da digiri 15 kuma ruwan tankin sama ya kwana yana shan iska, ya san abin da alwala take zama ga tsohuwa mai ciwon gwiwa. Kafin nan da ƙaramar hitar nan ta ƙarfe da ake tsomawa a bokiti ake ɗumama mata ruwa, ni kuwa hankalina bai taɓa kwanciya da wayar wuta a cikin ruwa ba, ga jikoki suna shige da fice.

Mai aikin famfo ya kafe ta, ya ɗaura ɗan bawul ɗin da ya zo a kwali, ya buɗe famfon ruwan zafi har iska ta gama fita ruwa ya zubo, sannan ya ce a kunna. Hajiya ta yi ta sa albarka. Ba a rufa mako ba ta ce mini, "Abin nan naka fa hawaye yake yi." Na leƙa, sai ga wani siririn layin tsatsa ya gangaro a bango. Ɗigon ba daga mahaɗar bututu yake ba. Daga ƙarƙashin gangar jikin yake tsattsafowa, ta gefen murfin roba, ɗaya bayan ɗaya, yana sauka dab da inda wayar wuta ta shiga.

Muka sauke ta, na mayar da ita kwalinta, na nufi kasuwa.

Mai shagon mutum ne mai fara'a, ya sa aka kawo mini kujera da ruwa. Da ya ji abin da ya kawo ni, fara'ar ba ta gushe ba, amma ya jawo rasit ya ɗora yatsa a kan layin nan. "Malam, ai ka gani. Kaya in ya fita, ya fita." Sai ya shiga jero mini masu laifi. Wataƙila wuta ce ta dawo da ƙarfi. Wataƙila tankin sama ya ƙare aka kunna ta ba ruwa. Wataƙila mai famfon ne bai iya ba, ko kuma ƙarfin ruwa ne ya fasa ta.

Ban ga laifinsa a wannan jerin ba, domin duk abubuwan da ya ambata suna kashe hita a gidajenmu kullum. Kunna ta ba ruwa kan ƙona ƙarfen da ke dafa ruwan cikin ɗan lokaci, kuma a gidan da ruwa sai an tayar da injin burtsatse, wannan ba abin mamaki ba ne. Sai dai kowace cuta da alamarta. Ƙarfen da ya ƙone a bushe yakan yi baƙi, ya kumbura ko ya tsage, namu kuwa da mai famfon ya zaro shi fes yake. Wuta mai ƙarfi tana ƙona waya, ba ta huda tanki. Batun ƙarfin ruwa kuma lissafi ne: tsayin mita goma na ruwa shi ke ba da ƙarfin da masu sana'ar ke kira "bar" ɗaya, tankin gidanmu bai ma kai wannan tsayin ba, alhali takardar da ke manne a jikin hitar ta nuna tana jure "bar" takwas. Abin da ya rage shi ne ɗinkin waldar tankin ciki, wanda tun daga masana'anta bai kama ba.

"To ni ma ai saro ta na yi daga Legas, Malam. Ni na ƙera ta?"

A nan gaskiyar maganar take. Ɗan kasuwa ba ya ƙin karɓar kaya don mugunta kawai. Ya san in ya karɓa, sai ya yi wa dilansa na kasuwar Alaba ta Legas irin magiyar da nake yi masa, ya biya kuɗin mota, jarinsa ya kwanta. Layin ƙasan rasit hanya ce ta tabbatar da cewa asara ta tsaya a kan mutum na ƙarshe, wanda shi ne bai da hannu ko kaɗan a zaɓen masana'anta.

Maganar ta kai gaban shugaban layinsu, wani dattijo mai sayar da bututu. Bai ko dubi rasit ɗin ba. Ya saurari mai famfo, ya juya ƙarfen a hannunsa, ya haska cikin ramin da aka zaro ƙarfen da fitilar waya, sannan ya tambayi mai shagon, "Alhaji, aibin nan a hannun wa ya samu, a naka ko a nasa?" Mai shagon ya yi shiru.

Tambayar dattijon ba ƙirƙirarsa ba ce. Duk wanda ya zauna gaban malami aka biya masa babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya ji hukuncin: wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibin da bai sani ba, yana da zaɓi, ko ya riƙe a haka, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Asalin abin ma ya girmi littafin. A hadisi an yi maganar dabbar da ake ƙin tatsa don hantsarta ta cika ta ruɗi mai saye, aka ba shi damar mayar da ita bayan ya tatsa ya gane, ya haɗa da sa'i ɗaya na dabino a madadin nonon da ya sha. Wato an san da kayan da aibinsu ba ya bayyana sai an kai su gida, an kuma tanadi hakkin kowane ɓangare. Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda mutumin da ba zai yarda ya sayar da akuya mai ɓoyayyen ciwo ba, da zarar kayan sun zo a kwali da rubutun Turanci sai ya ga kamar hukuncin bai shafe su ba.

Dokar ƙasa ma ba ta tare da wannan layi. Dokar gasar kasuwanci da kare hakkin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ta kafa hukumar FCCPC a gurbin tsohuwar majalisar kare masu saye da aka kafa da dokar soja a 1992. Ta ba mai saye wata uku daga ranar da ya karɓi kaya ya mayar da su in sun gaza, ba tare da tara ba, kuma ɗawainiyar mayarwar a wuyan mai sayarwa take, ko dai a gyara, ko a musanya, ko a biya shi. Amma a kasuwa, ambaton hukuma da wuri yakan rufe ƙofar sulhu, kuma mutum nawa ne zai bar aikinsa ya bi takarda saboda hita ɗaya? Dattijon layi ya fi kusa, maganarsa kuma ta fi shiga kunnen maƙwabcinsa.

An yanke cewa mai shagon zai mayar wa dilansa, ya ba ni wata in ta iso. Ta iso kuwa, amma sai a watan Maris, lokacin da ranar Kano ke dafa ruwan tankin sama kyauta, har mutum ya riƙa neman na randa. Hajiya ta ƙarasa hunturun da bokiti.

Abin da ya cece ni a zaman nan ba rasit ba ne, shaidar mai famfo ce da ƙarfen da bai ƙone ba. Rasit ɗin "hita ɗaya" kawai aka rubuta a kai, babu lambar jikinta, katin garantin da ke cikin kwali kuma babu hatimi babu kwanan wata, domin yaran shago ba sa cikawa sai an tsare su. Da mai shagon ya so, da ya ce ba tasa ba ce ma. Saboda haka da ta biyun ta zo, kafin a ɗaure kwali na sa aka rubuta lambarta a rasit, aka buga hatimi a katin, na kuma roƙi Alhaji ya ba ni mai famfon da shi ya yarda da aikinsa. Kuɗin aikinsa ya ɗara na nawa mutumin, na biya ban yi ciniki ba. In wannan ma ta yi hawaye, wanda ya kafe ta yaronsa ne, jerin masu laifin ya ragu da mutum ɗaya tun kafin in fito daga gida.