Waya Ba Ta 'Yanta Makaɗi Ba

Ra'ayin da wasu marubuta ke yaɗawa cewa kafofin sada zumunta sun raba mawaƙi da dogaro da ubangida, wato mai ɗaukar nauyin makaɗi, ra'ayi ne na mazauna birni. Narambaɗa na Tubali ya san mai tufatar da shi a fadar Sarkin Gobir na Isa, Kassu Zurmi kuma ya san 'yan taurin da ke yi masa kari, amma matashin da ke ɗora waƙa a TikTok daga Shinkafi yana yi wa kamfanin da bai san da zamansa ba bauta. Da aka katse layukan waya a Zamfara a Satumbar 2021 saboda 'yan bindiga, dandalinsa ya watse dare ɗaya, ba tare da an nemi shawararsa ba.